Yadda Ake Zaɓar Kayan Haɗa Kwamfutar Gem a Sakkwato, Har da Mawus da Kibod

Yawancin bidiyon da ake kallo a YouTube kan haɗa kwamfutar gem, a ɗaki mai sanyi ake ɗaukarsu, inda wuta ba ta ɗaukewa, ƙura kuma ba ta shiga. Mu a Sakkwato zafin Afrilu kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ya lulluɓe gari, wuta kuma yau ta zo da ƙarfinta, gobe ta zo ko fanka ba ta iya juyawa. Wanda ya kwafi jerin kayan wani Bature ya saya yadda yake, zai iya samun kwamfuta mai ban sha'awa a ranar farko, kafin bazara ta wuce ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar wasa. Don haka tsarin da zan bi a nan ya ɗan sha bamban: zafi, ƙura da wuta su ne za su yi mana jagora wajen zaɓe.

Mataki na farko: faɗa wa kanka gaskiyar gem ɗin da za ka buga

Kafin ka tambayi kuɗin komai, rubuta wasanni uku da ka san za ka riƙa bugawa kullum. In ƙwallo ce, wato EA Sports FC ko eFootball, matsakaiciyar kwamfuta ta ishe ka, kuma fad irin na Xbox ko PlayStation ya fi maka amfani fiye da mawus mai tsada. In harbi ne irin Valorant ko Counter-Strike 2, firosesa mai kyau da monita mai sauri da mawus su ne kan gaba. In kuwa manyan wasanni ne masu nauyin hoto irin Call of Duty: Warzone, to katin hoto ne zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗinka.

A nan ne kuma za ka yanke maganar monita. Ga mafi yawanmu, mai inci 24, 1080p, mai saurin 144Hz ko 165Hz ita ce daidai. Bambancin 60Hz da 144Hz ido na ganinsa tun a motsin farko. 4K kuwa ka bar ta tukuna, don katin da zai iya ɗaukarta kuɗinsa kaɗai zai haɗa maka wata kwamfutar, ga shan wuta, ga zafi.

Mataki na biyu: katin hoto

Ni dai ra'ayina, ka ware wa katin hoto wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwamfutar, ko ma ya ɗan haura. Amma kada ka tsaya kan ƙarfinsa kawai, duba wutar da yake sha, domin duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. RTX 4060 na Nvidia, wanda ya fito a 2023, wat 115 yake sha. RTX 3060 na 2021 yana shan wat 170, amma akwai mai ma'adanar hoto 12GB, na 4060 kuwa 8GB ne. RX 6600 na AMD yana shan wat 132 da 8GB, kuma a 1080p ba ya ba da kunya. Ga mai amfani da sola ko inbata, wat hamsin da biyar ɗin nan da ke tsakanin 3060 da 4060 ba ƙaramin abu ba ne in dare ya yi nisa batir ya fara sauka.

RX 580 ya cika kasuwar kayan hannu, kuma arha gare shi. Dalilin arhar shi ne da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Yana shan wat 185, ya kuma tsufa. Ba na cewa duk sun lalace, sai dai kada ka biya sai an gwada a gabanka. Kati mai ƙasa da 6GB kuwa, a yau ba zan ba ka shawarar sa ba, sai in aljihu ya ƙi.

Mataki na uku: firosesa, madabod da RAM, tare ake zaɓensu

Waɗannan ukun ba a sayensu a rarrabe, don kowace firosesa da irin mazaunin da take shiga a jikin madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa. Ryzen 5 5600 tana hawa mazaunin AM4, tana aiki da RAM na DDR4, madabod B550 ya dace da ita. B450 ma yana ɗaukarta, amma sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa, ka tambayi mai shago ko an yi. Ryzen 5 7600 kuwa AM5 ce, wanda ya fito a 2022, kuma DDR5 kaɗai take karɓa, da madabod irin B650. A ɓangaren Intel, Core i5-12400F tana hawa LGA1700, da madabod B660 ko B760, waɗanda akwai na DDR4 akwai na DDR5, sai ka karanta jikin kwali da kyau. Duka firosesoshin ukun an ƙiyasta su a wat 65, abin da ya sa suka dace da garinmu.

Ga wata 'yar ƙura da ke kama sababbin shiga: harafin F a ƙarshen sunan firosesar Intel yana nufin ba ta da injin hoto a cikinta. Ryzen 5 5600 ma ba ta da shi. In babu katin hoto, ko ka kunna ba abin da zai fito a monita. Wanda yake son ya fara amfani da kwamfutar kafin ya tara kuɗin kati, ya nemi Ryzen 5 5600G, ita tana iya nuna hoto da kanta, har ta buga ƙananan wasanni.

In an kawo maka manyan firosesoshin Intel na zubi na 13 ko na 14 a matsayin na hannu, ka yi hattara. A 2024 kamfanin da kansa ya amince cewa wasunsu na da matsalar da ke lalata su a hankali, ya fitar da gyara ta BIOS. Wadda ta riga ta lalace, gyaran ba ya dawo da ita.

RAM 16GB, sanda biyu na 8GB, ba sanda ɗaya na 16GB ba, don biyun sun fi saurin aiki tare. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sa su in ka ƙirga daga gefen firosesa. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna saitin saurin RAM da ake kira XMP, ko EXPO a kan AM5, in ba haka ba RAM ɗin da ka saya a 3200 zai yi ta tafiya ƙasa da haka ba ka sani ba.

Ma'ajiya kuwa, SSD na NVMe mai 1TB. Akwai wasannin da ɗaya kaɗai ke haura 100GB, kuma wanda ya san kuɗin data ba zai so ya goge gem don samun wuri, wata guda ya dawo yana sake saukewa ba. In abokinka na da gem ɗin a Steam, manhajar da ake sayen gem a cikinta, kai ma ka saya, kuna iya kwafar fayilolin daga tasa zuwa taka, Steam ya duba ya cike abin da ya rage.

Mataki na huɗu: wuta, inda mutane suka fi yin ganganci

Fawa fak, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, shi ne abin da ake barin sa ƙarshe, in kuɗi sun ƙare a ɗauki duk wanda aka samu. Wannan kamar ka sayi ingarman doki ne ka ɗaure shi da ruɓaɓɓiyar igiya. Fawa fak mara kyau in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko katin hoto su tafi tare.

Ga kayan da muka ambata a sama, mai wat 550 zuwa 650 ya wadatar. Nemi na sanannen kamfani irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama. Ɗaga shi a hannu: na ƙwarai yana da nauyi, na bogi kuwa sakayau kamar ba komai a ciki, ko da an rubuta 800W da manyan baƙaƙe. Sannan ka karanta takardar da ke manne a gefensa, wurin da aka rubuta ƙarfin wutar da yake karɓa. Wani za ka ga 100–240V, wani 200–240V. Ɗauki na farkon. Wutar gidajenmu a ƙa'ida bolt 230 ce, amma in yamma ta yi unguwa duk ta kunna kaya takan faɗi ƙasa da 200, mai 100–240V zai ci gaba da aikinsa, ɗayan kuwa zai iya kashe kansa.

Bayan fawa fak sai UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ba don ka ci gaba da wasa in an ɗauke wuta ba, a'a, don ka samu 'yan mintunan da za ka kashe kwamfutar cikin tsari ko a tada janareta. Lambar VA da ke jikinsa ba wat ba ce. Ƙaramin nan mai 650VA wat ɗinsa bai cika kai 400 ba, yana iya yin ƙara ya mutu da zarar katin hoto ya ja wuta. Nemi mai 1200VA zuwa 1500VA. In inbata kake da ita a gida, ka tabbatar mai ba da tsaftatacciyar wuta ce, wadda masu sola ke kira fiyo sayin, domin fawa fak na zamani ba sa shiri da wutar ƙananan inbatoci masu arha, za ka ji suna ƙugi ko su riƙa kashewa. Ƙaramin janareta kuwa kada ka jona kwamfutar kai tsaye a kansa, sa sitabilaiza ko UPS a tsakani. Da damina in hadari ya taso da tsawa, zare filogi daga bango gaba ɗaya.

Mataki na biyar: akwati da iska

Akwatin da gabansa gilashi ne rufe ruf yana da kyau a hoto, amma iska ba ta samun hanyar shiga. Ɗauki mai raga a gaba, mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Sa fanka biyu ko uku a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. In iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita yawa, ƙura ba ta samun damar kutsawa ta ƙananan kafofi, sai ta bi ta matata. Fankar da ke zuwa cikin kwalin firosesa tana aiki, amma a ɗakin da babu AC a watan Mayu, ƙara kuɗi kaɗan ka sayi mai tsayin nan da ke da bututun tagulla. Na ruwa ban ga buƙatarsa ba ga firosesar wat 65, kuma in famfonsa ya tsaya, samun wani a nan kusa sai an sha wuya. Kada ka ajiye akwatin a ƙasa kan kafet, ɗora shi kan tebur ko benci.

Mataki na shida: mawus

Shi ne abin da hannunka zai riƙe awa da awanni, amma shi aka fi saya da ido. Fara da hannunka. Ɗauki rula ka auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu ne, sama da 19 babba. Sai ka lura da yadda kake riƙo ba tare da ka yi tunani ba. Wani yakan kwantar da tafinsa duka a kai, shi mawus mai tudun baya irin Razer DeathAdder ya fi masa. Wani yakan lanƙwashe yatsu kamar ƙafar shaho, wani kuma da kan yatsu kawai yake turawa. Waɗannan biyun ƙarami mara nauyi ya fi dacewa da su, irin Logitech G102 ko G203.

Lambar DPI, wato ma'aunin saurin tafiyar kibiya a allo, da ake bugawa a kwali da manyan baƙaƙe, 12,000 ko 25,000, talla ce kawai. Ƙwararrun masu wasan harbi yawancinsu tsakanin 400 da 1600 suke wasa. Abin dubawa shi ne ingancin idon da ke ƙasansa, da saurin aika saƙo, wanda ya kamata ya kai 1000Hz. Gwajinsa ba wuya: a jona shi a kwamfutar shago, ka ja shi da ƙarfi daga wannan gefe zuwa wancan kamar an biyo ka ta baya a gem. In ɗan kibiyar ya bi hannunka, lafiya. In ya yi tsalle ya koma wani lungu ko ya daskare, ajiye musu abinsu, komai yawan fitilun da ke jikinsa. Danna maɓallin hagu a hankali sau da yawa kuma, ka ga ko dannawa ɗaya na zama biyu, ciwon da ya fi kama mawus na hannu ke nan.

Nauyi ma abin lura ne. G102 wajen giram 85 ne, G502 Hero mai maɓallai da yawa giram 121, G Pro X Superlight kuwa bai wuce 63 ba, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Ga mai harbi, mara nauyi ya fi sauƙi a wuyan hannu. Amma masu huji-huji a baya kamar saƙar zuma, waɗanda aka rage wa nauyi ta haka, ban yarda da su a Sakkwato ba: hazo ɗaya ya isa ya cika cikinsu da ƙura. Haka masu shafen roba mai laushi a jiki, gumin bazara kan sa su yi danƙo su fara saɓulewa. Busasshiyar roba mai ɗan kaushi ta fi jure hannunmu.

Mara waya ba laifi, muddin mai ɗan makullin USB ne na 2.4GHz, irin G305 da ke aiki da batirin AA guda ɗaya. Na Bluetooth na aikin ofis ne, yana da jinkiri a gem. Ka haɗa da faffaɗan shimfiɗin mawus na yadi, wanda za ka iya wankewa da sabulu. Kuma in kana harbi kana ganin harsashi na makara, kafin ka zargi mawus duba fing ɗinka, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, don yawancin sabobin da muke hawa suna Turai ne ko Afirka ta Kudu, wannan kuwa matsalar intanet ce.

Mataki na bakwai: kibod

In kuɗi sun yi ƙasa, a nan za ka rage, ba a mawus ba. Kibod na roba na yau da kullum zai buga gem, sharaɗi ɗaya ne: ya iya karɓar maɓallai da yawa a lokaci guda. Danne W da A da Shift tare, ka ƙara da dogon maɓallin ƙasa. Akwai shafukan gwajin kibod kyauta a intanet da ke nuna wanda ya shiga. In ɗaya ya ɓace, a gem ma haka zai yi maka, kana gudu ka kasa tsalle.

Na makanika, wanda kowane maɓalli ke da nasa ɗan inji a ƙasa, ya fi daɗin hannu da daɗewa. Launin injin ne ke gaya maka halinsa. Ja yana sauka sumul babu tangarɗa, shi masu gem suka fi so. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa ke ji, ya dace da mai haɗa gem da rubutu, kamar ɗalibin da ke buga furojet. Shuɗi kuwa ƙas-ƙas-ƙas yake yi. A shago abin burgewa ne, amma ƙarfe ɗayan dare a gidan da ɗaki ke jikin ɗaki, da safe sai ka yi wa Baba bayani.

Nemi wanda ake iya zare injin maɓalli a sauya ba tare da an narka dalma ba. Ƙura ce ke fara kashe su ɗaya bayan ɗaya, W ne kuma kan riga tafiya. In ana zarewa, sai ka ciro na wani maɓallin da ba ka amfani da shi ka musanya. Wajen girma, cikakke maɓalli 104 ne, akwai mai 87 da aka cire wa lambobin gefen dama, irin Redragon K552, akwai ƙarami mai 61. Mai 87 na fi so, yana bar wa mawus fili a tebur, kuma bai rasa maɓallan kibiya ba. Mai lissafi a Excel ya tsaya kan cikakken. In ka gama wasa, rufa masa ɗan ƙyalle.

Mataki na takwas: saye da gwaji

Mawus, kibod, UPS da wayoyi za ka iya samu a shagunan kwamfuta na cikin gari. Katin hoto da madabod na gem kuwa sau da yawa sai an aiko daga Kano, wajen Farm Centre ko titin Beirut, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas. In saƙo za a ba direba, ka ce a bar kowane abu cikin kwalinsa. Kada a ɗaura katin hoto a jikin madabod a sa a but, gargadar hanya na iya tsage mazauninsa. Ka nemi a yi maka bidiyon kayan suna aiki, lambar jikinsu na fitowa, sannan ku yi magana a fili kan kwana nawa ne za ka iya mayarwa.

In gaba da gaba ne, mai shago zai ce maka, "Yallaɓai, wanga sabo na, ba a taɓa aiki da shi ba." Ka amsa da fara'a, "Na yarda, Alhaji, amma a jona muna shi mu gani." Tafi da filashi mai ɗauke da manhajoji huɗu na kyauta. GPU-Z zai nuna ainihin sunan katin, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a sayar a matsayin sababbi. FurMark zai matsa masa lamba, ka bar shi minti goma sha biyar kana kallon allo, in ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu launi, ko hoto ya ɗauke, ciniki ya mutu. HWiNFO zai nuna zafi. CrystalDiskInfo kuma zai faɗi awa nawa SSD ya yi yana aiki, ko da an ce sabo ne.

Mai niyyar sayen tsohuwar kwamfutar ofis ya ƙara mata kati ya tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Waɗancan akwatunan kuma fawa fak ɗinsu ƙarami ne, wasu ma ba sa karɓar irin na kasuwa.

Ranar haɗawa, in lokacin hunturu ne, ka yi hankali da wutar jiki, irin wadda ke ɗan tsikararka in ka taɓa ƙofar mota. Ita ma tana iya lalata RAM ko madabod. Yi aikin a kan tebur na katako, ba kan kafet ba, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka riƙe su ta gefe. Cire 'yar ledar da ke manne a ƙasan fankar firosesa kafin ka ɗora, man sanyaya kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. Wayar monita a jikin katin hoto ake jona ta, ba a ramin madabod ba. In Windows ta hau, shiga saitin allo ka ɗaga shi zuwa 144Hz da hannunka, don sau da yawa a 60 yake tsayawa. Daga nan sai shara: wanke matatar ƙura duk sati biyu in hazo ya sauka, cikin akwatin kuma a hure shi da bulowa duk bayan wata biyu ko uku, a waje, bayan an zare wuta, kana dafe da fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima.